Ƙarfe Ɗaya Saura Minti Goma

Juma'a ce, 28 ga Maris, 2025, mu a nan mun kai azumi na 28. A Kano da Katsina da Sakkwato ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe ne. Wanda ya kwana tahajjud ya koma barci, teloli ko ba su runtsa ba saboda ɗinkin Sallah. A daidai wannan lokaci, can ƙasar Myanmar, wadda kakanninmu suka sani da Bama, rana ta take tsaka, agogo ya nuna ƙarfe ɗaya saura minti goma. Sai ƙasa ta girgiza.

Masu awo sun ce ƙarfinta ya kai maki 7.7. Akwai wata doguwar tsaga a ƙarƙashin ƙasar, ana kiranta tsagar Sagaing, ta ratsa tsakiyar Myanmar daga arewa zuwa kudu, manyan garuruwa suna zaune a kanta ko a gefenta. Ita ce ta goce a ranar, tsawon sama da kilomita 400. Mutane ba su gama dawowa hayyacinsu ba, bayan kamar minti 12, wata ta sake biyowa. Tsohuwar gadar Ava da Turawan Ingila suka gina a 1934 ta karye ta afka kogin Irrawaddy. Hasumiyar kula da sauka da tashin jirage a filin jirgin Naypyidaw, babban birnin ƙasar, ta rushe da ma'aikata a ciki. Har a Bangkok ta Thailand, tazarar kilomita kusan 1,000, wani dogon bene da ake kan ginawa ya zube a kan leburori kamar an tuge masa ƙafa. Gwamnatin soja ta ce mutum sama da 3,700 suka mutu a Myanmar, jama'a da dama kuma suna ganin adadin ya wuce haka.

Wurare biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko zauren jarabawa ne a gidan ibada na U Hla Thein da ke birnin Mandalay. Masu zuhudu na addinin Buddha, waɗanda mutanen ƙasar ke kira pongyi, sun taru sama da ɗari, kawuna a aske, kowa ya yafa jan mayafinsa, sun duƙufa a kan takarda suna rubuta jarabawar ilimin addininsu. Ginin ya rufta musu, gommai ba su fito da rai ba. Na biyu masallatai ne. Musulmi tsiraru ne a Myanmar, amma a Mandalay da Sagaing sun daɗe, wasu masallatansu sun haura shekara 100. Juma'ar ƙarshe ce ta Ramadan, kuma ka san yadda masallaci yake cika a irin wannan rana, wanda ya saba makara ma yakan yi sammako ya kama sahun gaba. Wasu suna alwala, wasu sun riga sun zauna. Gomman masallatai suka rushe ko suka tsattsage, ƙungiyoyin Musulmin ƙasar sun ƙiyasta ɗaruruwan masallata ne suka rasu. A garin Sagaing kaɗai masallatai uku suka faɗi, har da babban masallacin Myoma. An shafe shekaru hukuma tana ja wa Musulmi rai a kan izinin gyaran masallaci, balle gina sabo, don haka tsofaffin bangaye ne suka tarbi girgizar.

A Myanmar ba a shiga wurin ibada da takalmi, na Buddha ne ko masallaci. Ke nan a ƙofar zauren jarabawar akwai silifa a jere, a ƙofar masallatan ma haka. Na san yadda ake yi, don haka muke yi. Wani ya haɗa ƙafa biyun ya kife, wani ya tura nasa wani lungu don kada a yi masa musanye, wani ya duba alama a bango don ya gane wurin in an idar. Duk mai ajiye takalmi a ƙofa ya riga ya gama yanke wa kansa hukuncin cewa zai fito.

Da yawanmu labarin bai shige mu ba, kuma da dalili. A ranakun nan ne aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah a gida. Zuciya ba ta ɗaukar makoki biyu a lokaci guda, dole na nesa ya jira. Amma Bama ba baƙuwarmu ba ce. Dubban samarin Arewa sun je can a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausa ake ba su umarni. Sun gwabza da Japanawa a dazukan Arakan da kwarin Kaladan, kuma akwai waɗanda can ƙasa ta rufe musu ido. Barikin Arakan da na Myohaung da ke Legas daga can suka samo sunayensu.

Abin da ya hana ni sakin labarin nan shi ne irin ƙasar da ya faru a cikinta. Da wuya ka sami al'ummar da ke ambaton gushewar duniya kamar mutanen Myanmar. Kusan tara cikin goma mabiya Buddha ne. Tsohuwa a Mandalay takan zauna da carbinta mai ƙwaya 108 tana ja, tana maimaita kalmomi uku na Pali, tsohon harshen littattafansu: anicca, dukkha, anatta. Ta farko tana nufin babu abin da yake dawwama. Ta biyu, duk abin da ka ƙwallafa rai a kansa ƙarshensa ciwo ne. Ta uku, babu wani tsayayyen "ni" da za ka riƙe ka ce naka ne. Kalmar farkon nan ta shiga maganarsu ta yau da kullum, har in mutum ya rasu sukan ce ya isa ga anicca. Suna da wata ibada da suke kira maranasati, tuna mutuwa. Mutum ya zauna ya natsu yana bin numfashinsa, yana sane cewa iskar da ya shaƙa ba shi da tabbacin zai fitar da ita. A littattafansu har an tsara yadda mai zuhudu zai je inda ake yar da gawawwaki ya dube su a matakan ruɓewarsu, daga kumburi har ƙashi ya zama gari, yana gaya wa kansa cewa nasa jikin ma hanyar ke nan. Mayafin da suke yafawa, asalinsa tsummokaran da aka zubar ne, har da ragowar likkafani, a wanke, a rina, a ɗinke.

Addinin kansa daga ganin gawa ya taso. Shekara kimanin 2,500 da suka wuce aka haifi Siddhartha Gotama, wanda daga baya aka sani da Buddha, a Lumbini, cikin Nepal ta yau, a gidan sarauta. Labarinsu ya ce mahaifinsa ya killace shi a fada don kada idonsa ya faɗa kan abin ɓacin rai. Da ya fita kewaya gari sai ya ga tsoho tukuf, ya ga majinyaci, ya ga gawa an ɗauko ta. Ya tambayi mai jan karusarsa ko shi ma haka zai zama, aka ce masa babu wanda ake tsallakewa. Daga baya ya ga wani mai zuhudu yana tafe a natse. Yana da shekara 29 ya bar fada, ya bar mata da jariri. Ya rasu a Kushinagar ta Indiya yana da kimanin 80.

Har yau kusan kowane ɗa namiji na mabiya Buddha a Myanmar sai ya maimaita wannan fita da jikinsa. Shinbyu ake kiran bikin. Za a yi wa yaro ɗan shekara bakwai ko goma ado irin na 'ya'yan sarki, rigar siliki mai ƙyalli, hula mai tsini ruwan zinariya, har da kwalliya a fuska. A ɗora shi a kan doki, wani yana riƙe masa laima, makaɗa suna tafe, 'yan uwa mata sun jeru ɗauke da kyaututtuka. In ka gani sai ka tuna yaranmu ranar hawan Sallah. Da an isa gidan ibada sai a tuɓe masa kayan nan ɗaya bayan ɗaya. A sa aska a aske kan tas, uwa da uba suna riƙe da farin ƙyalle, kowa da gefensa, suna tarar gashin. A miƙa masa mayafi da baƙin ƙoƙon bara. Washegari da sassafe zai fito cikin layi ba takalmi, mahaifiyarsa ta zuba masa shinkafa a ƙoƙon, kuma ita ce za ta durƙusa masa. Da rana ta raba babu sauran ci sai wata safiyar. Galibi mako guda ko 'yan makonni suke yi su koma gida. Sarauta da hantsi, bara da wayewar gari, duk a jikin yaro ɗaya. Wa'azin da aka yi wa yaro a fatar kansa ai bai kamata ya manta da shi ba. Amma janar-janar ɗin da suka mulki ƙasar nan, su ma galibinsu an tari gashinsu a farin ƙyalle.

Ni Musulmi ne, kuma tsakanin aƙidata da tasu akwai rata mai faɗi. Addininsu bai ginu a kan Mahalicci ba. Suna ganin ana mutuwa a sake haihuwa, a yi ta zagaye har mutum ya kuɓuta zuwa abin da suke kira nibbana. Mu rai ɗaya muka sani, kabari ɗaya, tashi ɗaya, da hisabi a gaban Allah. Ban zo gauraya abin da ba ya gaurayuwa ba. Amma a kan gajartar kwana abu ɗaya muke gani, kuma cutar da ta kama su a kan wannan sanin ita ce ta kama mu.

Kwana ɗaya tak kafin girgizar, Alhamis 27 ga Maris, aka yi faretin Ranar Sojoji a Naypyidaw, na cika shekara 80. Janar Min Aung Hlaing, wanda ya ƙwace mulki ranar 1 ga Fabrairu, 2021, ya tsaya ƙirji cike da lambobi, dakaru suna wucewa a gabansa. Ba a yi awa 24 ba babban asibitin birnin ya tumbatsa, ana kwantar da masu rauni a waje a filin Allah, shi kuma yana roƙon ƙasashen duniya agaji. Birnin ma sabo ne. Janar Than Shwe ya sa aka share daji aka gina shi, aka fara kwaso ma'aikatu daga Yangon, tsohon babban birnin ƙasar, a watan Nuwamba 2005. Akwai titin da yake da layi 20, babu motocin da za su cika ko rabinsa. Sunan birnin yana nufin mazaunin sarakuna, kuma daf da tsagar Sagaing aka kafa shi. Gidajen ma'aikatan gwamnati da ofisoshin ma'aikatu suna cikin abin da ya fi jin jiki.

A wannan birni Min Aung Hlaing ya gina wani katafaren mutum-mutumin Buddha na farin marmara, tsayinsa da karagarsa kusan mita 25, aka buɗe shi a watan Agusta 2023. Maravijaya aka raɗa masa, wato nasara a kan Mara. A koyarwarsu Mara shi ne mai ruɗi, mai ƙawata wa mutum duniya, kuma shi ne mutuwa. Ƙasa da wata huɗu kafin buɗewar, ranar 11 ga Afrilu, jirgin yaƙinsa ya saki bam a kan taron jama'a a ƙauyen Pazigyi da ke yankin Sagaing, jirgi mai saukar ungulu ya biyo baya yana harbi. Mutum sama da 160 suka mutu, da yara da yawa a ciki. Ta farko cikin dokoki biyar da kowane mabiyin Buddha yake ɗauka a gaban malaminsa ita ce kada ya kashe mai rai, kuma janar ɗin ya haddace ta tun yana yaro. Suna da kalmar kutho, wato lada, kuma gina hasumiyar ibada yana cikin manyan hanyoyin samunta. Mai mulki sai ya ɗauka ciniki ne, in jini ya yi yawa a wannan gefen sikeli sai a ƙara dutse a wancan. Ko bayan girgizar, mutane suna tonon ɓaraguzai da hannu, jiragen yaƙin ba su daina kai hari ba. An sanar da tsagaita wuta ranar 2 ga Afrilu, amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ci gaba da ƙirga hare-hare.

Da ma Min Aung Hlaing yana da wanda ya gada. Janar Ne Win ya yi juyin mulki a 1962, ya riƙe ƙasar shekara 26. Mutum ne mai yawan zama da 'yan duba, kuma an gaya masa lambar tara ce sa'arsa. A watan Satumba 1987 aka wayi gari gwamnati ta soke takardun kuɗi na kyat 25 da 35 da 75 ba tare da musanya ba, ta fito da na 45 da na 90, saboda tara tana raba su. Abin da talaka ya ƙulle a gefen zane shekara da shekaru ya zama takardar banza a yini guda. A 1988 jama'a suka cika tituna, sojoji suka buɗe wuta, dubbai suka mutu. Ne Win ma ya gina tasa hasumiyar, Maha Wizaya, a gefen babbar hasumiyar Shwedagon ta Yangon. Ya sami tsawon rai, ya haura 90. Amma a 2002 yaransa na soja suka tsare shi a gidansa na bakin tafkin Inya, kotu ta yanke wa surukinsa da jikokinsa uku hukuncin kisa bisa zargin shirya juyin mulki. Ya mutu ranar 5 ga Disamba, a ranar aka ƙone gawarsa kamar yadda al'adarsu take. Mutum kimanin 30 suka halarta. Babu fareti, babu makokin ƙasa.

In ka ƙara ja da baya, Mandalay kanta wa'azi ce. Sarki Mindon ya kafa ta a 1857, ya sa aka sassaƙa littattafan addininsu kaf a kan allunan marmara 729 don kada zamani ya cinye su. Sarki ne da ya san haƙƙin talakawansa Musulmi, ya ba su filayen masallatai, ya taimaka aka gina wa alhazan Bama masauki a Makka. Shekara 28 kacal birnin ya yi yana gidan sarauta. A Nuwamba 1885 Turawan Ingila suka fito da ɗansa Thibaw da matarsa Supayalat daga fada, suka ɗora su a keken shanu zuwa bakin kogi, talakawa suna kallo. A Ratnagiri ta gaɓar tekun Indiya ya mutu a 1916, bai sake ganin gida ba. Shekara 27 kafin fitar da shi, Turawan nan dai sun ɗauko Bahadur Shah Zafar, sarki na ƙarshe a daular Mughal ta Musulmin Indiya, daga Delhi suka kai shi Yangon. Can ya rasu a 1862, aka binne shi aka baje kabarin, sai a 1991 masu haƙa suka ci karo da shi. Sarkin mabiya Buddha yana kwance a Indiya, sarkin Musulmin Indiya yana kwance a Bama. Fadar Mandalay ta katako ta ƙone ƙurmus a yaƙin 1945. Wadda ake gani yanzu kwaikwayo ce, kuma ganuwar da ta tsira daga wutar ita ma girgizar ta taɓa ta.

Dole in faɗi abin da ya fi ci wa Musulmi rai. A Arakan ɗin nan da kakanninmu suka yi yaƙi, wadda yanzu ake kira Rakhine, daga watan Agusta 2017 sojoji suka bi ƙauyukan Musulmin Rohingya suna ƙonawa, mutum sama da 700,000 suka tsallaka Bangladesh. Kafin wutar akwai wa'azi. Shekaru wani pongyi na Mandalay mai suna Wirathu yana yawo yana hura ƙiyayyar Musulmi, sanye da mayafin nan da asalinsa likkafani ne, kuma a Janairu 2023 gwamnatin soja ta ba shi lambar girma. Aung San Suu Kyi, wadda ta yi kusan shekara 15 a tsare a gida, wadda duniya ta ba lambar Nobel a 1991, ita ce ta tsaya a kotun duniya ta Hague a Disamba 2019 tana kare ƙasarta daga ƙarar da Gambiya ta shigar a kan Rohingya. Wata 14 bayan haka sojojin da ta kare suka zo da asuba suka tafi da ita. Girgizar ta same ta a tsare, tana daf da cika 80.

To amma a ƙasar nan dai akwai waɗanda abin da bakinsu yake faɗa ya sauko har hannunsu. A Meiktila, a watan Maris 2013, ana farautar Musulmi a kan tituna, wani pongyi ya buɗe ƙofar gidan ibadarsa ya shigar da ɗaruruwansu, ya tsaya ya ƙi miƙa su ga masu neman jininsu. Littafi ɗaya suka karanta da Wirathu.

Ka kuma dubi 2007. A watan Agusta gwamnati ta ninka kuɗin mai dare ɗaya, talaka ya kasa biyan kuɗin mota, shinkafar da ake zuba wa pongyi a ƙoƙo da safe ta ragu. Su ne suka fara ganin yunwar gari, don kullum ƙofa-ƙofa suke bi. Suka fito a garin Pakokku a farkon Satumba, jami'an tsaro suka lakaɗa wa wasunsu duka. Aka nemi gwamnati ta ba da haƙuri, ta ƙi. Sai suka kife ƙoƙo. A fahimtarsu mai karɓar sadaka shi ne yake yi wa mai bayarwa alfarma, don shi ya buɗe masa ƙofar lada, shi ya sa pongyi ba ya godiya in an zuba masa abinci. In ya kife ƙoƙonsa a gabanka, ya rufe maka ƙofar ke nan, kai da gidanka. Dubbansu suka jeru a titunan Yangon, cikin ruwan sama, da yawa ba takalmi, suna rera addu'ar fatan alheri ga duk mai rai, jama'a sun riƙe hannun juna ta gefe biyu suna kare su. Daga 26 ga Satumba sojoji suka far musu, suka fasa gidajen ibada da dare. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga aƙalla mutum 31 da aka kashe. Mutumin da bai mallaki komai ba sai mayafi da ƙoƙo da aska da allura, wanda kullum yake tuna wa kansa cewa numfashin nan zai iya zama na ƙarshe, da me za ka tsorata shi?

Wanda ya fi burge ni ma ba mai zuhudu ba ne. Kyaw Thu tauraron fim ne, a zamaninsa kowa a ƙasar ya san fuskarsa. A Myanmar ana ƙyamar aikin gawa, ana camfa shi, ana ganin masu yinsa ƙasƙantattu, kuma kuɗin jana'iza yakan jefa talaka cikin bashi. A 2001 shi da wani dattijon mai shirya fina-finai, Thukha, suka kafa ƙungiyar jana'iza kyauta a Yangon. Shi da kansa yake sa kafaɗa ya ɗauki akwatin gawa. Sun sallami mamata sama da 100,000 ba tare da duba addini ko ƙabila ba. Da ya kai wa pongyi abinci a zanga-zangar 2007 aka kama shi, aka hana shi fitowa a fim, ya ci gaba da ɗaukar gawa. Irin waɗannan ƙungiyoyin sa-kai, da suke kira parahita, su ne suka tsaya wa Mandalay da Sagaing a ranakun farko bayan girgizar, cikin zafin da ya kai maki 40, babu wuta, babu isassun injinan tono, samari da yawa kuma sun riga sun gudu daga ƙasar saboda dokar tilasta shiga soja da aka fara aiki da ita a 2024. Wuraren ƙona gawa suka cika. Ranar Litinin Musulmin Mandalay suka yi sallar Idi a kan kwalta, kusa da masallatan da suka rushe, ana kabbara ana kuka.

Akwai wani labari da kowane yaro a can ya sani. Wata mata mai suna Kisa Gotami ɗanta ɗaya ya mutu, ta ƙi yarda, ta rungume shi tana bin gidaje neman magani. Aka tura ta wajen Buddha. Ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, wani ɗan iri kamar riɗi da ba a rasa shi a madafin kowa, amma daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Duk gidan da ta shiga sai a ce ga iri, in ta yi tambayar sai a fara lissafa mata. Kafin rana ta faɗi ta kai ɗanta maƙabarta. A makon girgizar nan, da ta bi unguwannin Sagaing, da ba ta kai ga tambaya ba, daga ƙofa za ta ji amsar.

Mu ma ba mu rasa ambato ba. Kullum muna cewa duniya ba matabbata ba ce, rai baƙon duniya ne. Muna raka gawa da ƙafa, muna kallo a kwance ƙullin likkafani, a jera itace, a kwaɓa ƙasa a lilliƙe, kowa ya sa hannu ya tura. Malam ya yi nasiha, a shafa. Kafin a kai ƙofar maƙabarta wayoyi sun fara kuka, wani yana tambayar kuɗin fili, wani yana lissafin wanda jam'iyya za ta tsayar. Muna da masu gina masallaci da kuɗin da aka ware don maganin asibiti, har a manna allo da sunansu a bango. Muna da masu wa'azin da bayan sun sauka daga mumbari sai an kwashi gawa a gari. Idan na dubi janar ɗin Naypyidaw da dutsensa na marmara ba na jin baƙo nake kallo.

Ni kaina akwai ɗan uwana da muka shekara biyu ba ma ga maciji a kan wani kangon gado da bai kai ya kawo ba. Na san laifina ya fi nasa. Tun farkon azumin nake cewa zan je in same shi, da aka kai goman ƙarshe na ce bari sai ranar Sallah, lokacin da gaisuwa ba ta da nauyi.

A Juma'ar nan na tafi masallaci da wuri. Na cire takalmina, na haɗa su na tura bayan wata randa inda na saba. Aka yi huɗuba a kan zakkar kono, aka yi salla, aka daɗe ana addu'a ga mamatan Uromi. Na fito na tarar da takalman a inda na bar su, na karkaɗe na saka. Shagon tela yana hannun dama, gidan ɗan uwan nawa yana hagu, tafiyar minti goma. Na bi dama, na karɓo ɗinkin yara. Sai da dare, bayan an sha ruwa, na ji labarin Mandalay a rediyo.